Karnukan Titin Moonlight: Sun Sake Yarda da Mutum, Tabon Bai Goge Ba

A ranar 25 ga Afrilu, 2007, jami'an tsaro suka shiga wani gida da ke kan titin Moonlight a gundumar Surry ta jihar Birjiniya, a Amurka. Binciken miyagun ƙwayoyi ne ya kai su, domin an kama wani ɗan'uwan mai gidan, shi kuma ya ba da adireshin wurin. Da suka zaga baya sai suka tarar da abin da ba shi suka zo nema ba: ɗakuna an shafe su da baƙin fenti don kada a hango su da dare, da karnuka sama da 60, da yawansu ɗaure da manyan sarƙoƙi a jikin ƙarafunan motoci da aka binne a ƙasa. An ɗaure su ta yadda kowanne yana ganin ɗan'uwansa, yana jin warinsa, amma sarƙarsa ba ta barinsa ya kai gare shi. A saman ɗaya daga cikin ɗakunan akwai wurin da ake haɗa su faɗa, da sauran jini a bushe.

Mai gidan ba ɓoyayyen mutum ba ne. Michael Vick a lokacin yana cikin waɗanda suka fi kowa suna da kuɗi a ƙwallon Amurka, wasan nan mai kama da zari-ruga. Shi ne mai jefa ƙwallo na ƙungiyar Atlanta Falcons, kuma a 2004 ya sa hannu a kwantiragin shekara goma ta dala miliyan 130. Tun 2001 shi da abokansa uku suke tafiyar da wannan gida da suka raɗa wa suna Bad Newz Kennels. Su sayo karnuka, su hayayyafa su, su horar da su, su haɗa su faɗa da na wasu jihohi ana zuba dubban daloli na caca. Karen da aka gwada aka ga ba shi da zuciyar faɗa, kashe shi ake yi. A takardar amsa laifin da Vick ya sa wa hannu a watan Agusta na shekarar, ya yarda shi ke ba da kuɗin, kuma da hannunsa a kashe karnuka shida zuwa takwas a cikin watan Afrilun da aka kai samamen, wasu ta rataya, wasu ta nutsarwa a ruwa. A ranar 10 ga Disamba alƙali Henry Hudson ya yanke masa ɗaurin wata 23.

Wannan shi ne ɓangaren da jaridu suka fi yayatawa, domin faɗuwar babban mutum ba ta rasa 'yan kallo. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne makomar karnukan da aka samu da rai, da mutanen da suka ɗauke su riƙo, da kuma maganar da irin waɗannan mutane suke yawan faɗa, cewa a wurin dabbar da aka zalunta suka koyi yafiya. Maganar tana da daɗin ji, kuma akwai gaskiya a cikinta, amma sai an bi ta a hankali kafin a gane wace irin gaskiya ce.

Hukuncin da aka riga aka yanke

Kusan 50 daga cikin karnukan nau'in pit bull ne, kare mai faɗin ƙirji da ƙarfin muƙamuƙi, wanda kakanninsa daga Ingila aka kai su Amurka a ƙarni na 19. A can Ingila bijimai ake sakar wa irinsu don nishaɗi, da aka haramta hakan a 1835 sai masu caca suka koma haɗa kare da kare, tunda ya fi sauƙin ɓoyewa.

Kafin wannan shari'a, abin da aka saba a Amurka shi ne a ajiye karen da aka ƙwato daga gidan faɗa a matsayin shaida har a gama zaman kotu, sannan a yi masa allurar mutuwa. Ba a tambayar halinsa. Manyan ƙungiyoyin kare haƙƙin dabbobi biyu, PETA da Humane Society ta Amurka, su ma shawarar da suka bayar ke nan. Hujjarsu ita ce hali zanen dutse: don faɗa aka haifi karnukan nan, a kan faɗa aka raine su, kuma duk ranar da ɗaya ya yagi yaron maƙwabci ba mai iya mayar da abin da ya faru. Akwai kuma batun kuɗi. Abin da za a kashe a kan karnuka hamsin zai ceci wasu da yawa da ba su taɓa cizon kowa ba, waɗanda ake kashewa kullum a matsugunan dabbobi saboda rashin wuri. Ban ɗauki wannan a matsayin rashin imani ba. Tsoro ne mai dalili, kuma duk wanda ya taɓa ganin raunin cizon babban kare a jikin yaro ba zai raina shi ba.

Abubuwa biyu suka sauya lissafin. Idon duniya yana kan shari'ar, sannan mai laifin yana da kuɗi. Wata ƙaramar ƙungiya ta birnin Oakland a Kalifoniya mai suna BAD RAP, wadda Donna Reynolds da Tim Racer suke jagoranta, ta miƙa wa masu gabatar da ƙara shawarar a duba karnukan ɗaya bayan ɗaya kafin a yanke musu hukunci. Kotu ta amince. Ƙungiyar kare dabbobi ta ASPCA ta haɗa tawagar masana halayyar dabbobi ƙarƙashin Stephen Zawistowski, aka kuma wajabta wa Vick ya ajiye kimanin dala dubu 928 don ciyar da karnukan da kula da su.

A farkon Satumba tawagar ta bi matsugunan hukuma na Birjiniya inda aka rarraba karnukan. Sun shafe wata huɗu da ɗoriya a keji, kowanne shi kaɗai a kan daɓen siminti, kusan ba mai taɓa su. Gwajin ba wani abin mamaki ba ne. A matso kusa da kare a ga yadda zai yi. A shafa shi, a taɓa ƙafarsa da kunnensa. A ba shi abinci, sannan a tura hannun roba cikin kwanon. A nuna masa 'yar tsana mai girman ƙaramin yaro. A kawo wani karen kusa da shi.

Abin da suka fi cin karo da shi tsoro ne. Da yawa daga cikin karnukan da aka ce sun fi kowanne haɗari a ƙasar, da an buɗe keji sai su baje a ƙasa, ciki manne da daɓe, su ƙi motsi, sai an ɗauke su a hannu an fitar da su. Wasu kuma suka fito suna kaɗa wutsiya suna lasar hannun baƙo. Cikin 49 da aka gwada, guda ɗaya tak aka ga ta yi nisan da ba za ta gyaru ba, aka yi mata allura. Daga baya aka yi wa wata saboda rashin lafiya mai tsanani. Saura 47. Kotu ta naɗa Rebecca Huss, wadda a lokacin farfesar shari'a ce a Jami'ar Valparaiso, ta zama waliyyiyarsu. Ta je ta ga kowanne da idonta, sannan ta ba da shawarar a raba su ga ƙungiyoyi takwas. Guda 22 da suka fi buƙatar aiki aka kai su Best Friends, wani babban matsuguni a kusa da garin Kanab na jihar Utah. Goma suka tafi hannun BAD RAP.

Waɗanda suka warware da wuri, da waɗanda suka daɗe

Wasu kamar jira suke a kwance musu sarƙa. Leo, cikin 'yan makonni da shigarsa gida a Kalifoniya, ya ci jarrabawar karnukan da ake kai wa marasa lafiya ziyara, ya riƙa zuwa wurin masu cutar kansa suna shafa shi yana ɗebe musu kewa. Hector, wanda ƙirjinsa da ƙafafunsa suke cike da tabon faɗa, ya ƙare a jihar Minnesota ana yawo da shi makarantu. Jonny Justice ya riƙa zuwa ɗakunan karatu yana kwanciya kusa da yaran da ke jin kunyar karatu da ƙarfi, su karanta masa, har wani kamfanin kayan wasan yara ya ƙera 'yar tsana mai kamarsa. Su ne aka fi nunawa a talabijin, kuma sun cancanta.

Amma in ana neman darasi, a wurin masu wuyar yake.

Jasmine kuwa, wata ƙaramar ƙungiya a Baltimore ce ta karɓe ta, wata mata mai 'ya'ya ta kai ta gidanta. Ba ta cizo, ba ta gurnani. Daskarewa kawai take yi. In za ta fita bayan gida sai an ɗauke ta an kai ta tsakar gida, a ajiye, a janye, sannan ta motsa. Matar ba ta matsa mata ba. Takan zauna nesa kaɗan, ba ta kallonta ido cikin ido, abinci a lokaci ɗaya kullum, fita a lokaci ɗaya kullum. An yi watanni a haka kafin Jasmine ta fara takowa da ƙafarta. Ta saba da matar, ta saba da karnukan gidan, amma baƙo bai daina firgita ta ba. Hotonta ne ya fito a bangon mujallar Sports Illustrated a ƙarshen Disambar 2008, tare da rahoton Jim Gorant, wanda ya faɗaɗa shi ya zama littafin The Lost Dogs a 2010. A 2009 mota ta buge ta ta mutu. Zamanta a gida bai kai shekara biyu ba.

A Utah ma haka aka yi ta fama. A farkon zuwan karnukan, ma'aikata kwana suke yi tare da su don su saba da numfashin mutum a kusa ba tare da wani abu ya biyo baya ba. Ana rubuta yanayin kowanne a kullum, kuma abin da rubutun ya yi ta nunawa shi ne firgici ya fi zafin rai yawa nesa ba kusa ba. Karnukan nan ba su san matakala ba, ba su san ƙarar injin wanki ba, ba su san wasa da ƙwallo ba. Cherry, wani baƙin kare, da an ɗaura masa igiya sai ya baje a ƙasa. Abin da ya taimake shi zama da wani karen ne, yana kallon yadda ɗan'uwansa ke zuwa wurin mutum ya dawo lafiya. A ƙarshe ya sami gida, ya tsufa cikin yara. Georgia ta iso babu haƙori a bakinta, jikinta duk tabo, an yi ta sa ta haihuwa, kuma ba ta son a kusanci abin da take ganin nata ne. Kotu ta sa sharaɗin sai kare ya ci jarrabawar ladabi kafin a ba da shi riƙo, ita kuwa Georgia sai a 2012 ta tafi gidan kanta.

Biyu kuma kotu ta ce ba za su bar matsugunin ba har mutuwa: Meryl, saboda ta taɓa kai wa mutum hari, da Lucas, wanda shi ne zakaran gidan Vick, mai nasarori a fagen faɗa, don kada wani ya sace shi ya mayar da shi ruwa. Lucas yana fama da wata cutar jini da ke yaɗuwa tsakanin karnukan faɗa ta hanyar cizo. Fuskarsa duk a yage take. Amma cikin karnukan nan yana daga waɗanda suka fi son mutane, har a ofisoshin ma'aikata yake wuni. Ya mutu a 2013. Na ƙarshensu duka, Frodo, wanda yake ɗan kwikwiyo lokacin samamen kuma ya daɗe yana firgita cikin barci, ya mutu a Disambar 2021 a gidan da ya riƙe shi.

Shin yafewa suka yi?

Masu nazarin dabbobi sun daɗe da sanin cewa ba mutum kaɗai ke sulhu ba. A tsakiyar shekarun 1970, Frans de Waal, wani masani ɗan Holan, yana kallon manyan birai na chimfanzi a gidan namun dajin Arnhem, sai ya lura biyun da suka gama dambe ba sa nisantar juna. Bayan ɗan lokaci ɗaya zai miƙa hannu, su rungumi juna. Shi da Angeline van Roosmalen suka wallafa binciken a 1979, kuma tun daga nan an ga irin haka a awaki, da kuraye, da kyarketai, da karnuka. Wani gwaji na 1993 da Marina Cords da Sylvie Thurnheer suka yi ya fito da dalilin fili. Sun koya wa wasu birai cewa ba za su sami abinci ba sai sun je biyu-biyu, sai yawan sulhunsu bayan faɗa ya ninka kusan sau uku. Dabba tana gyara alaƙar da take da amfani a gare ta, kuma tana gyara ta da wanda ya daina kai mata hari.

Sai dai akwai tarko a nan. Mu mutane mun iya karanta abin da muke so a fuskar kare. A 2009 Alexandra Horowitz ta kwalejin Barnard a New York ta yi wani gwaji mai sauƙi. Mai kare zai hana karensa cin wani abu, ya fita. In ya dawo sai a gaya masa karen ya ci ko bai ci ba, wani lokaci gaskiya, wani lokaci akasin haka. Sunkuyar da kai da kawar da ido, waɗanda masu karnukan ke ɗauka nadama ce, sun bi faɗan da aka yi wa karen ne. Wanda bai ci komai ba ma yakan yi su in an tsawata masa. Wato lallashi ne, roƙo ne kada a cutar da shi.

Wannan ya sa nake ƙin jin mutum ya ce ya doki karensa amma ga shi nan ya dawo yana lasar ƙafarsa, ai ya yafe. Karen da ya rarrafo wurin hannun da ya doke shi ba shi da wani wurin zuwa ne. Bajewar da karnukan Vick suke yi a ƙasa ma tana da bayani tun 1967, lokacin da Martin Seligman da Steven Maier suka yi wani gwaji marar daɗin ji a Jami'ar Pennsylvania. Karnukan da aka saba jona wa lantarki ba tare da hanyar tsira ba, da aka buɗe musu hanyar daga baya, da yawansu kwanciya suka yi suna kuka, ba su tsallake ɗan shingen da ke gabansu ba. Sai da aka riƙa jan su da hannu ana tsallakar da su, sau da yawa, kafin su gane motsinsu yana da amfani. Wanda ya ga dabba a wannan hali ya ce tana da haƙuri, ya yi mata mummunar fahimta.

To me ya rage na maganar yafiya? A ganina abu mai nauyi ya rage. Karnukan nan mutum ne ya ɗaure su, mutum ne ya yunwatar da su, mutum ne ya jefa su bakin 'yan'uwansu. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma da farko haka suka yi, kowane hannu tsumma ne a wurinsu. Amma ba su dawwama a haka ba. Da aka ba su lokaci, suka fara bambance hannu da hannu. Wannan yana kawo abinci kullum, bai taɓa duka ba, to a matso kusa da shi taku ɗaya. Ba su ɗora wa matar Baltimore bashin mutanen titin Moonlight ba. Mutanen da suka riƙe su suna kallon haka a kullum, kuma ban yi mamaki ba da wasunsu suka juya suna duba irin ƙullin da su suke riƙe da shi a kan dangi, ko wata ƙabila, ko duk maza, ko duk mata, saboda abin da mutum ɗaya ya yi musu.

Akwai kuma abin da ba a nema daga gare su ba, kuma yana da muhimmanci daidai da wancan. Ba wanda ya mayar da su gidan Vick. Ba wanda ya ce Jasmine ta warke cikin mako guda don ran mai riƙonta ya yi daɗi. Ba wanda ya ce tunda Georgia ta sami gida sai ta daina tunawa. Mu kuwa a zaman sulhunmu sau nawa muke yin akasin haka? Za a tara dattawa, a zaunar da wanda aka cuta, tun rauninsa yana jini a ce masa ya yi haƙuri, ya yafe, komai ya wuce. Matar da aka daka a mayar da ita ɗaki a daren, ba tare da wanda ya dake ta ya nuna wata alamar sauyi ba. In ta yi shiru a ce ta yafe. Haƙuri abu ne mai daraja a addininmu da al'adarmu, ba na jayayya da hakan. Amma wanda ake so ya sake yarda da mutane yana buƙatar a fara raba shi da abin da ke cutar da shi, sannan a ba shi lokacin da shi yake buƙata, ko da ya fi wanda masu sulhun suke so tsawo.

Kare a wurinmu

Na san mai karatu a Kano ko Damagaram zai iya cewa wannan harkar Turawa ce, masu kwana da kare a gado. Gaskiya ne zamanmu da kare daban yake. Na mafarauci ne, na makiyayi, na gadin gida da gona, kuma waɗannan su ne dalilan da shari'a ta halatta ajiye shi. Ba sai ya shiga ɗaki ba. Amma mazhabar Malikiyya da muke bi tana ɗaukar kare mai rai a matsayin mai tsarki, kuma Alƙur'ani ya ambaci karen Ashabul Kahfi tare da mutanensa. A cikin ingantattun hadisai na Bukhari da Muslim akwai labarin mutumin da ya sha ruwa a rijiya, ya fito ya ga kare yana lasar ƙasa don ƙishi, ya koma ya ciko huffinsa ya shayar da shi, Allah Ya gafarta masa. Akwai makamancinsa a kan wata mata mai zaman kanta daga Bani Isra'ila. Duk da haka a unguwanninmu yaro zai ga kare yana wucewa bai kula kowa ba, ya ɗauki dutse, babba yana kallo bai ce uffan ba. Karen da aka yi ta jifa tun yana ƙarami shi ne gobe zai yi cizo don tsoro, a ce ai dama halinsu ne.

Wanda zai ɗauki karen titi ko wanda aka wulaƙanta, tausayi kaɗai bai isa ba. Ciwon haukan kare yana kashe dubban mutane duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunsa sun bayyana kusan babu tsira. Likitan dabbobi da allurar rigakafi su ne farko. Bayan haka, abin da aka yi wa su Jasmine ba ya buƙatar dukiyar Vick: inuwa, ruwa, abinci a lokacinsa, wurin da zai ɓuya ba a bi shi ba, a bar shi ya zo da kansa, kada a bar shi da ƙananan yara ba babba a kusa. In kuma aka ga karen yana da haɗari ga mutane, a yarda da hakan. Ko a cikin karnukan Vick an sami wadda ba ta gyaru ba, an sami waɗanda ba a taɓa haɗa su da wani kare ba har suka mutu.

Shi kuma mai gidan

Vick ya yi zamansa a kurkukun Leavenworth da ke Kansas. Kamfanonin talla suka janye, ya bayyana karayar arziki a 2008. Da ya fito a 2009 ƙungiyar Philadelphia Eagles ta ɗauke shi, a kakar 2010 ya yi wasan da ya ba shi kyautar ɗan wasan da ya fi kowa farfaɗowa, har shugaba Barack Obama ya yaba wa mai ƙungiyar a kan ba tsohon fursuna dama ta biyu. Ya riƙa bin makarantu tare da Humane Society yana gargaɗin yara a kan faɗan karnuka. A 2011 ya je majalisar dokokin Amurka ya goyi bayan ƙudirin hukunta 'yan kallon irin wannan faɗa. Ya biya masu binsa bashi. A ƙarshen 2024 Jami'ar Norfolk State ta naɗa shi babban kociyan ƙungiyarta.

Har yau Amurkawa ba su daidaita a kansa ba. A 2019, da hukumar wasan ta zaɓe shi cikin tsofaffin 'yan wasan da za a karrama, dubban ɗaruruwan mutane suka sa hannu a takardar ƙin amincewa. Wasu kuma, musamman baƙaƙen fata, suna tambayar me ya sa mutumin da ya yi zaman kurkukunsa ya biya tararsa ba za a bar shi ya ci gaba da rayuwa ba, a ƙasar da ake kashe irinsa ba a ɗaure kowa ba. Ni dai ina ganin ma'aunin da ya ceci karnukansa shi ya kamata a auna shi da shi: a dubi abin da yake yi yanzu, shekara bayan shekara, ba tare da an goge abin da ya yi ba. Amma ba ni da bakin cewa matar da ta yi watanni tana ɗaukar Jasmine zuwa tsakar gida dole ne ta tafa masa.

Darasin bai shiga hukumomi nan take ba. A Fabrairun 2009, lokacin da hotunan Leo da Hector suka riga suka zaga ƙasar, wata kotu a gundumar Wilkes ta jihar North Carolina ta ba da umarnin kashe karnuka sama da 100 da aka ƙwato daga wani gidan kiwon karnukan faɗa, har da 'yan kwikwiyon da aka haifa bayan samamen, ba tare da an duba ko ɗaya ba. Hayaniyar da ta biyo baya ce ta sa manyan ƙungiyoyin suka zauna a Las Vegas a watan Afrilu, Humane Society ta sauya matsayinta ta koma goyon bayan a duba kowane kare shi kaɗai. Wata uku bayan nan, a Yulin 2009, aka kai samame mafi girma a tarihin ƙasar a kan masu faɗan karnuka, a jihar Missouri da wasu jihohi, aka ƙwato kusan 500. Wannan karon an gwada su ɗaya bayan ɗaya. Wasu ba su tsallake ba, da yawa kuma suka sami gidaje. Tun 2008 haɗa karnuka faɗa ya zama babban laifi a duk jihohi 50 na Amurka, a 2014 kuma dokar tarayya ta haɗa har da wanda ya je kallo, tare da hukunci mafi tsanani ga wanda ya kai yaro wurin.